Ranar da Na Ce a Taya Ni Godiya

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ɗaga jirginku lafiya, ya sauke ku Amurka lafiya, ya tsare ki a sama da ƙasa. Na ce wa Abbanki kada ya miƙa miki ita sai mun gama sallama a filin jirgin Manchester, don na san ki, kina karantawa a gabansa za ki haɗe rai, shi kuma ya ruɗe ya hau ba ki haƙuri a kan abin da bai ma san kansa ba. Ni ma ina wurin, amma kin san iyakar abin da bakina zai iya: kin ɗauki fasfo, kin ci abinci? Ke ce ta fari, ga shi sunan kakarki aka sa miki, kunyar ta zame mini biyu. Shi ya sa na koma ga biro.

Magana ɗaya ce ta zaunar da ni. Idan kin isa sabuwar jami'arki, kafin su bar ki ki taka filin ƙwallon kwando da rigarsu, za su kira ki ofis su tambaye ki abin da ya gudana tsakaninmu da Koci Randal, mataimakin kocin waccan jami'a ta farko da ta so ɗaukar ki. Abin da ya fito daga bakinki a wannan zama shi zai yanke ko za ki yi wasa ko ba za ki yi ba. Na kuma ji abin da kike shirin faɗa, bai kwanta mini ba. Amma bari in ɗauko miki zancen daga tushe, ta wajena, tunda ba ki taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Ni dai tun farko raina wasan nan na yi. Da kika ce za ki koma Manchester ki haɗa karatu da ƙwallo, cewa na yi wai duk tsawon nan da Allah ya ba ki ba ki ga abin yi da shi ba sai jefa ƙwallo a kwandon da ba shi da gindi. Na yarda ne kawai don Abbanki ya nace. To wanda ya raina abu ba ya tsayawa ya koyi dokarsa. Kin tuna lokacin da Koci Helen, kocinku ta Manchester, ta tara iyaye za ta yi mana bayanin yadda jami'o'in Amurka ke zawarcin 'yan wasa? Na je, ba zan ce ban je ba. Can baya na zauna, rabin hankalina yana kan jirgin ƙasan da zai mayar da ni Birmingham. Na ji ta ce akwai lokacin da aka hana masu zawarci zuwa gidan yarinya, na ji ta ce ba a karɓar komai daga hannunsu. Sai na ce a raina, oho, masu karɓar cin hanci ake wa wannan wa'azin, mu ina ruwanmu. Ko tambaya ɗaya ban yi ba.

Saboda haka duk inda kika je aka ce za a karanta muku dokoki, ki zauna a gaba. Bayanin da ya fi sa mutum hamma shi ne yakan kama shi daga baya. Idan ba ki gane ba ki ɗaga hannu, ko da sauran za su yi miki kallon baƙauya.

Shi kuwa Randal a wurin wasanku na fara ganin sa. Ranar sanyi ya yi mini dukan kawo wuƙa, ina zaune a kan bencin 'yan kallo na ƙudundune cikin mayafi, sai ga wannan dogon mutum ya rusuna ya ce, "Sannu, Mama." Da Hausa fa! Ashe tambaya ya yi aka koya masa. Ya ce bai taɓa ganin yarinya mai nutsuwarki a fili ba, kuma daga gani an san daga gidan tarbiyya kika fito. Ke dai bari, kaina ya yi girma. Da a ce tsallenki ya yaba da ban damu ba, amma sai ya yabi tarbiyya, wato ni.

Ba a jima ba ya bugo ya ce hanya za ta biyo da shi ta Birmingham, ko zai iya shigowa ya gaishe mu. Baƙo zai zo gaisuwa, me zan ce? Na shiga kantunan Stratford Road na yi cefane, na soya waina, na yi miyar taushe. Da ya iso ƙofa, ba wanda ya ce masa komai, ya sunkuya ya cire takalmi. Ya zauna a ƙasa a kan darduma, ya ci da hannu, ya nemi ƙari. Abbanki, Allah ya saka masa, ya dube shi ya ce, "Amma dokarku ta yarda ka zo gida yanzu?" Ya yi dariya ya ce ai ba aiki ne ya kawo shi ba, zumunci ne. Ni kuma na zabga wa Abbanki harara ta gefen ido, na ce, "Haba Abban Ummi, mutum yana cin abinci kana yi masa tambayar 'yan sanda?" Ya mayar da hankalinsa kan wainarsa. Da zai tafi na haɗa masa kilishi da hula na ce tsaraba.

Abin da har yau yake ba ni mamaki game da kaina shi ne wannan. Shekara da shekaru ina aikin kemis a Perry Barr, wakilan kamfanonin magani suna zuwa da fara'arsu, ko biro ba na karɓa daga hannunsu. Na san dalili, har sababbin ma'aikata nake koya wa. Amma wannan da ya cire takalmi a ƙofata, sai ya daina zama wakilin kamfani a idona, ya koma baƙo. Alhali aikinsu ɗaya. Wancan yana so in sayar da maganinsa, wannan yana so in ba shi 'yata. Ki riƙe wannan, Ummi. Mutum yana iya zama mai ladabi na gaske kuma yana bakin aikinsa. Ki gaishe shi da kyau, ki ba shi ruwa, sannan ki tambayi kanki me ya zo nema.

Sai kuma kaya suka iso. Ga takalmin wasa daidai ƙafarki, ke da muke yawon kantuna muna neman lambarki har mai kanti ya ce sai dai mu duba wajen na maza. Ga kuma kwat mai kauri, nawa, launin ƙasa, irin wanda nake gani a kanti in shafa in wuce. Wato ya tuna da rawar sanyin da ya ga ina yi. Har direban da ya kawo kayan sai da na ba tukuici, na cusa masa lemo da ƙullin kilishi, yana ta juya su a hannu yana kallona. Na kira ki da murnata, sai kika ce, "Mum, I don't think we're allowed," wato ba ki jin an yarda mu karɓa. Na ce, "Allowed ɗin me? Mutum ya ci abincinmu, ya yi mana alheri, in mayar masa? Ni ba a haife ni a gidan da ake haka ba." Kika ce bari ki tambayi Koci Helen. Na ce kada ki kuskura ki kai mana zance gaba kamar waɗanda ba su taɓa ganin kyauta ba. Kika ce to.

Da na kira shi godiya, ya ce ba komai, amma don Allah abin ya tsaya tsakaninmu, kada a yi zancensa. Kin san me na ji? Kawaici na ji. Na ce kai, wannan mutum akwai hali, ya yi alheri ba ya so a faɗa. A wajenmu kuwa idan mai kyauta ya ce kada a faɗa, lokacin ne ma ake faɗa. Godiyar mutum ɗaya ba ta isa. Kana zuwa wurin iyayensa ko na gaba da shi ka ce, wane ya yi mini kaza, ku taya ni godiya. Haka na ga uwata tana yi, haka na tashi ina yi. Ɓoye alherin mutum a wajenmu butulci ne.

Shi ya sa wata rana da yamma, bayan na taso daga aiki, na nemo lambar babban ofishin wasanni na jami'arsu na buga. Wata mata ta ɗauka. Na gyara murya, na zuba Turancina na zuwa biki, na ce ni mahaifiyar wance ce daga Ingila, na kira ne don shugabanni su taya ni gode wa ma'aikacinsu, domin irinsa ba su da yawa. Ta ce madalla, me ya yi? Na fara da takalmi, ina shirin gangarowa kan kwat da ziyarar da ya kawo mana, sai matar ta katse ni. Ta ce, "Wane takalmi?" Muryarta ta canja sarai. Ta ce in maimaita sunana a hankali tana rubutawa. A nan jikina ya ba ni. Na ce to shi ke nan, na gode, na kashe. Na zauna a kicin riƙe da waya, kwat ɗin ma yana jikina ban cire ba.

Sauran kin fi ni sani. Suka kai rahoton kansu ga hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, suka dakatar da shi, suka janye gurbin da suka yi miki alkawari. Kika ƙara shekara a Manchester kina atisaye, ƙawayenki suna tafiya ɗaya bayan ɗaya kina raka su filin jirgi. Ranar da kika zo gida na shirya wa faɗa, wallahi na so ki yi mini tsawa irin ta yaran ƙasar nan. Sai kika durƙusa kika gaishe ni, na fara magana kika ce, "Ba komai, Mama." Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, cikakkiya, ba abin da za a kushe. Ina kwana, Mama. Ya aiki, Mama. Wannan ladabin naki ya fi zagi ciwo, gara in faɗa miki.

Yanzu ga inda muke. Abbanki bai iya riƙe magana ba, kin sani, kuma da kika zaɓi ki gaya masa a mota, ina jin kin san za ta iso ni. Ya ce Randal ya kira ki. Ya ce miki takalmi kaɗai aka sani, kuma shi ya riga ya ce musu takalmi kaɗai ne, don haka idan aka tambaye ki ki tsaya a kan takalmi, kada ki ambaci zuwansa gida, kada ki ambaci kwat. Ya ce yana neman wani aikin, yana da 'ya'ya. Ke kuma kika ce wa Abbanki, "Ba zan kai sunan Mama gaban baƙi ba. Ta sha kunyar da ta ishe ta."

Da na ji wannan na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ashe duk fushin nan kina tsaye a gabana kina kare ni. Amma da na share hawaye sai tsoro ya kama ni, don na gane muryar wa nake ji. Tawa ce.

Kina firamare a Lozells, malamarku ta ce kowa ya ba da labarin abin da ya faru a gidansu a ƙarshen mako. Kika tashi tsakaninki da Allah kika ce Mama ta faɗi jarrabawarta ta kemis, ta yi kuka a banɗaki, Abba ya dafa taliya ta ƙone. Malamar ta tare ni a bakin ƙofa tana yi mini jaje, sauran iyaye suna ji. A cikin bas na murɗe miki kunne na ce, "Abin gida ba ya fita waje. Ko wa ya tambaye ki, ki ce lafiya lau." Kika kuwa riƙe. Likita ya tambaye ki gwiwarki na ciwo, ki ce lafiya lau, ga ki kina ɗingishi. Ni na koya miki, kuma ban taɓa dawowa na faɗa miki inda maganar ta tsaya ba.

To ga inda ta tsaya. Rufin asiri shi ne kada ki ɗauki abin da bai shafi kowa ba ki kai kasuwa. Kukan uwarki a banɗaki bai shafi kowa ba. Amma idan waɗanda ke da hakkin tambaya suka zaunar da ke suka ce me aka ba ku, wa ya zo gidanku, kika ce takalmi ne kawai, wannan sunanta ƙarya. Kuma wannan karon na yi abin da ban yi ba a da, na je Manchester takanas na zauna gaban Koci Helen, na yi ta tambaya har shayinta ya huce. Ta ce karɓar kaya irin namu laifi ne da ake gyarawa. Yawanci a sa mutum ya biya kimar kayan ga wata ƙungiyar agaji, wataƙila a hana shi wasu wasanni, sannan a wuce wurin. Amma yi wa masu bincike ƙarya, wannan shi ne wanda ke raba ɗan wasa da fili. Ta kuma ce kada mu ɗauka ba za a gano ba. Mutumin ya zo gidanmu da ƙafarsa, ya yi sayayya, ya yi ta buga waya. Ni kaina na yi damina da sanyi ina yawo da kwat ɗin nan, duk wanda ya yaba sai na gaya masa wanda ya aiko.

Idan kunyar mutanenmu kike ji mini, kin makara, 'yata. Labarin wayar nan babu gidan Bahaushe daga Sparkbrook har Manchester da bai shiga ba. A wajen suna kwanan baya ina shiga Hajiya Bilki ta ɗaga murya ta ce, "Ga Hajiya Godiya nan, kowa ya ɓoye alherinsa!" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don abin dariyar ne. Sunan ya bi ni, kuma ga ni ban mutu ba. Maganar kwat ba za ta ƙara mini komai ba sai wata dariyar ta mako ɗaya.

Randal kuwa, ina tausayinsa, har ga Allah. Ya ci abincina, kuma ta bakina aikinsa ya lalace, wannan yana damuna. Amma ni ban san dokar ba don sakacina, shi kuwa ya san ta kamar sunansa, shi ya sa ya ce kada a faɗa. Kuma babban mutumin da zai kira yarinya ya ce ta ɗora makomarta a kan ƙarya don ya samu aiki, ba alheri yake nufin ta da shi ba. Kada ki zage shi, kada ki ƙara masa abin da bai yi ba. Idan ya sake kira ki gaishe shi, ki ce ba za ki iya ba, ki ajiye. Wannan kiran ma da ya yi miki, ki faɗa musu.

Kin san halina, har na ɗauki waya zan kira sabuwar jami'ar in zayyane musu komai da kaina in hutar da ke. Abbanki ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Hajiya, wata wayar kuma?" Na ajiye. Ya yi gaskiya. Ke za a tambaya, kalmarki ce za su auna, kuma da ita za ki zauna a cikinsu shekaru. Na riga na yi magana a madadinki sau ɗaya, kin ga inda ta kai mu.

Don haka ga abin da nake so, kuma umarni ne, ba shawara ba. Ki faɗa musu ya zo gida. Ki faɗa musu mahaifiyarki ce ta yarda ya zo, ta ba shi tsaraba, ta karɓi takalmi da kwat. Kwat ɗin yana nan rataye a bayan ƙofa, ban ɓoye ba, ban bayar ba, in sun ce a aiko zan aiko. Sannan ki faɗa musu wanda na san shi za ki tsallake: cewa ke kin ce mini ba a yarda ba, kin so ki tambayi kocinki, ni na hana ki. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce hakkinki. Na san nauyin da zai yi miki a baki, 'yar Hausa ta zauna gaban baƙi ta ce uwata ce ta yi kuskure. Na yafe miki wannan tun kafin ki faɗa, duniya da lahira. Abin da zai yi mini wuyar yafewa shi ne in ji kin rasa wasanki don ki rufa mini abin da ni ban rufa wa kaina ba.

Bayan wannan, wasu masu fara'ar za su zo, don na ji yanzu har 'yan wasa suna samun kuɗi da sunansu. Ba laifi, amma komai ya bi ta ƙofar ofis, a rubuce. Ko abinci wani ya ce zai saya miki, ki tambaya tukuna, tambaya ba rashin kunya ba ce. Ki kula da salla a kan lokaci ko kuna kan hanya. Ki sa wa gwiwar nan ƙanƙara, idan tana ciwo ki ce tana ciwo.

Wataƙila su zaunar da ke a benci farkon kakar wasa. Na tambayi Abbanki ko ana nuna benci a talabijin, ya ce jefi-jefi, idan an tsaya hutu. Na ce ya ishe ni. Ya riga ya saita mini tashar. Ni da ban taɓa gane yadda ake ƙirga makinku ba, zan zauna in kalli wasan daga farko har ƙarshe ina jiran a haska gefen fili, in hango doguwar yarinya da ɗankwali a zaune ba ta taɓa ƙwallo ba. Duk wanda ke ɗakin a ranar, kunyar 'yar fari ko ba kunya, zan nuna ki da yatsa in ce waccan tawa ce.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da masu daɗin baki. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya ranar da za ki shiga ofishin nan, ya sa ki fito da sauƙin ƙirji. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalam,
Mamanki